Wuta a Murhun Mai Takaba

Akwai wasu mata biyu, Rabeka da Fatu, a wani gari na Damargu tsakanin Tanut da Belbeji, a farkon shekarun 1970. Dukansu masa suke toyawa a kasuwa, murhunsu dab da juna. Amma duk wanda ya ce muku aminai ne, bai taɓa zama kusa da su ba.

Murhun Fatu yana gindin aduwa, daidai inda motoci ke sauke fasinja. Na Rabeka yana baya, inda hayaƙi ke komawa. Kullum da abin faɗa, yau hayaƙi, gobe an janye mini mai saye. Rabeka kuwa ba ta ɓoye cewa ranta na kan wannan gindin aduwa.

Sai annobar amai da gudawa ta shigo. Hukuma ta hana sayar da abinci a kasuwa, kowa ya koma gida ya cinye jarinsa. Cikin waɗanda cutar ta ɗauke har da Idrisa, mijin Fatu. Ya bar ta da yara ƙanana huɗu, ta shiga takaba.

Da Allah ya kawo sauƙi, mai shela ya zagaya gari da saƙo daga ofishin sufurefe, wato shugaban hukumar yankin. Za a taimaki masu abinci su tashi: kowace mace buhun gero, da garwar mai, da randa mai murfi. To amma wasu sun rasu, wasu sun yi kudu, ba a san wanda ya rage ba. Don haka aka ce ranar kasuwa mai zuwa, murhun da aka tarar da wuta, mai shi tana nan, ita za a ba kayan. Wanda aka tarar a sanyi, a ba wata wurin.

Fatu ba ta ko kai rabin takaba ba, kuma a al'adar garin mai takaba ba ta taka kasuwa. Yaranta kuwa babu wanda ya isa a bar shi da wuta.

Rabeka ta je gaishe ta. Ta tarar da tukunya a kan murhu, ba komai ciki sai ganyen tafasa da ruwa. Fatu ta rame, amma bakinta yana nan yadda aka san shi.

"Kin ji shela ko?" in ji Fatu. "Gindin aduwa ya zama naki. Sai ki zuba ruwa a ƙasa ki sha."

Rabeka ta buɗe baki za ta rama, sai ta ga ƙaramin yaron yana lasar ludayi. Ta ce, "Allah ya ƙara haƙuri," ta fito.

A gida ta gaya wa mijinta Toma cewa murhu biyu za ta hura.

Toma ya dubi ɗan itacen da ya rage a gidan, ya ce, "Da wane itace? Mu ma fa ba a tsaye muke ba. In wannan gero ya wuce mu, me za mu ci?"

"Na sani, maigida. Amma kai ba ka ga tukunyar nan ba."

Ranar kasuwa ta raba itacen biyu, ta hura nata, ta hura na Fatu. Ta ɗauka da hantsi za a gama. Ina! Kun dai san mutanen ofis da jira. Rana ta take, babu su babu labarinsu, itace kuwa sai ƙarewa yake. Wutar biyu duk suka fara lumshewa. In ta bar su a haka, duka za su mutu.

Ta tsaya tsakanin murhun biyu. Daga nan ta sunkuya ta zare guntayen itacen murhunta, ta tura su a na Fatu, ta durƙusa tana hurawa. Nata ya yi ɗan hayaƙi ya mutu.

Ba a jima ba sai ga ma'aikacin ofis, Mushe Alhassan, wato Malam Alhassan a bakin masu Faransanci, tare da sarkin kasuwa da amalanken kaya. Ya iso gindin aduwa, ya ga wuta na ci.

"Madalla. Wannan naki ne?"

Da ta ce e, da shi ke nan, ta samu geron ta samu gindin aduwa.

"A'a, ranka ya daɗe. Na Fatu ne, matar marigayi Idrisa. Tana takaba."

"Naki fa?"

Ta nuna masa duwatsu uku da toka.

Mushe Alhassan ya dubi tokar. Ba mugu ba ne, amma an ba shi umarni. Ya ce, "Baiwar Allah, kin ɗaure ni. Na mai takaba zan ba ta. Amma murhu mai sanyi, an ce a ba wata. In na karya a kanki, gobe kowa ya zo da nasa labarin."

Rabeka ta ce, "Na ji."

Akwai wata tsohuwa mai tuwo, Yagana, tana jin duk abin da ake yi. Ta miƙe da ƙyar, ta zaro itace mai ci daga murhunta, ta zo ta cusa tsakanin duwatsun Rabeka. Mai ƙosai ta kawo nata. Mai fura ba ta da wuta, ta kawo kara. Kafin Mushe ya gama gyara hularsa, murhun Rabeka ya fi na kowa ci.

Yagana ta ce, "Yaro, sake dubawa. Mu a nan, in wutar maƙwabciya ta mutu, ɗebo mata ake yi."

Mushe Alhassan ya yi ajiyar zuciya, har da dariya. "Iya, ni wuta aka ce in duba, ba a ce in tambayi inda ta fito ba. A sauke buhu biyu."

Rabeka ta zauna a ƙasa tana cewa, "Na gode Ubangiji."

Da la'asar ta bi amalanke har ƙofar Fatu. Fatu ta ga ana shigo da buhu da garwa da randa, ta yi tsaye kamar an dasa ta.

"Na wane ne?"

"Naki. Wurinki ma yana nan. Ki riƙa yin ƙullu a gida, ni in toya miki har ki fita."

Fatu ta dafa buhun, ta ji gero ne da gaske. Matar da ba a taɓa kayar da ita a magana ba sai ga ta tana hawaye. Da ƙyar ta juya ga babbar 'yarta ta ce, "Mariyama, zubar da ganyen nan. Yau tuwo za ku ci."

Darasi: Taimakon hukuma yana da ƙa'ida, kuma ƙa'ida ba ta ganin wanda ke bayan ƙofa. Maƙwabci ne ke ganinsa. In an zo rabo, ka tuna da wanda ba zai iya fitowa ba, ko da ba kwa ga maciji, domin ranar da taka wutar ta mutu mutane ne za su ɗebo maka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a su ma su karanta.