Wanda Ya Juya Don A Ga Fuskarsa

Akwai wani a cikin ikilisiyar nan, ba zan kama suna ba, wanda tun ranar da fasto ya gode wa wani ɗan'uwa a gaban jama'a tuwo bai ƙara yi masa daɗi ba. Ya san kansa. To, ya buɗe kunne.

Akwai waɗansu mutum biyu a zamanin yaƙi, Zakka da Iliya. Aikinsu ɗauko sojojin da suka ji rauni daga bakin daga zuwa tantin likita, a kan gadon tamfol mai sanduna biyu. A ƙa'idar aikin, ƙafafun mai rauni ne a gaba, kansa a baya. Zakka ke riƙe gaba. Shi ke zaɓen hanya, shi ke kauce wa rami, shi ƙaya ke fara yaga. Iliya kuwa yana baya, fuskarsa bisa fuskar mai rauni, yana cewa, “Sannu ɗan'uwa, mun kusa.”

Saboda haka duk wanda ya warke, Iliya yake nema. Wannan ya kawo masa zakara, wancan ya sa wa ɗansa sunansa. Zakka kuwa ƙeyarsa kaɗai aka sani.

Wata rana Zakka ya ce, “Mu yi musaya, ka dawo gaba.”

Iliya ya ce, “Haba abokina, ina na ga idon hanya irin naka? So kake in zuba mu a kwari?”

Zakka ya ce, “Wato ni ne jakin, kai ne mai kaya.”

Ran nan suka ɗauko wani kofur da harsashi ya fasa wa cinya, an ɗaure, jini ya tsaya. Kofur yana nishi yana ce wa Iliya, “Allah ya sāka maka, bawan Allah.” Sai zuciyar Zakka ta tafasa. Ya sa suka ajiye gadon, ya juya, ya kama sandunan yana fuskantar kofur, ya soma tafiya da baya.

Iliya ya ce, “Zakka, hanya!”

Ya ce, “Na san ta kamar yunwar cikina. Kofur, dube ni da kyau, Zakka ne sunana.”

Bai cika taku goma ba ya zurma cikin wani rami da bam ya haƙa. Gado ya kife, ɗauri ya kwance, jini ya ɓalle. Sun kai kofur da rai, amma sai da likita ya yanke ƙafar. Shekara talatin kofur ya yi yana dogara sanda, bai kuwa taɓa manta fuskar Zakka ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, gadon nan aikin Ubangiji ne, mai raunin kuwa rai ne da aka danƙa a hannunmu. Wani an sa shi inda ake ganin fuskarsa, wani inda sai Allah ke gani. Kai mai share majami'a, kai mai ziyarar marasa lafiya, ranar da kishin mai waƙa ya sa ka juya wa aikinka baya don a tafa maka, ba kai za ka rasa ƙafa ba. Wanda kake ɗauke da shi ne.

Kai kuwa da na fara da kai, makon jiya ka ƙi zuwa ziyarar wata gwauruwa don ba a ambaci sunanka a sanarwa ba. Har la'asar tana jiranka a ƙofar gida. In ƙarya na yi, ga ni, ga ka, tashi ka musa.