Wayar Hawainiya Mai Launi Bakwai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mu huce gajiya.

Hawainiya ce ke ƙera wayoyin hannu, amma kasuwarta ta mutu, saura ƙiris ta rufe shago. Sai ta tara dabbobi ta ce, "Me kuke so a sabuwar wayata?"

Jaki ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Hajiya, bara ma kin tambaye mu. Batir kawai muke so. Ranar da matata ke naƙuda, ina cikin kiran ungozoma wayarki ta mutu."

Kunkuru ya ce, "Ni kafin in dawo daga wurin mai caji ta sake mutuwa. Wallahi na gaji."

Hawainiya ta ce, "Na ji." Ashe idonta ɗaya ne ke kansu, ɗayan yana kan bakan gizo.

Bayan wata uku ta fito da waya mai launi bakwai. Ta shimfiɗa tabarmi, ta tuƙa tuwo, ba wanda ya leƙo. Ta ɗauki sabuwar wayar ta kira Jaki: "Malam Jaki, don Allah ku zo ku ga..." Ɗif! Wayar ta mutu a hannunta.

Jaki ya dubi matarsa ya ce, "To, ai mun gani." Ya ci gaba da kiwo.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ba don Gizo ba da na shirga muku ƙarya.