Murhun da Aka Gina wa Tsohuwa

Akwai wani mutum da yake zaune a ƙasar duwatsu, inda sanyin damina kan shiga har ƙashi. Mahaifiyarsa ta tsufa, gwiwoyinta suna ciwo, ko bargo biyu ba sa isarta. Duk sa'ad da ya ga tana karkarwa sai tausayi ya kama shi. Sai ya yi niyyar gina mata murhun jin ɗumi a cikin ɗakinta, da bututun fitar da hayaƙi.

Ya kira wani tsohon magini. Maginin ya dubi ɗakin, ya ce, "Ɗana, za mu shimfiɗa falalen dutse a ƙasa. Bango kuma a yaɓe shi da yumɓu haɗe da yashi, kaurin taƙi guda, don zafi kada ya kai ga azara. Sai ya kwana bakwai yana bushewa kafin a hura wuta."

Mutumin ya ce, "Baba, kwana bakwai? Tsohuwar nan tana tari."

Maginin ya ce, "Na ji tarin. Amma wuta ba ta san tausayi ba."

Da maginin ya tafi, mutumin ya kasa jira. Ya gina murhun da kansa, ya yi yaɓe siriri da hannunsa, ya kawo katako mai santsi ya rufe gefen murhun, ya shafa masa fenti, domin mahaifiyarsa ta sami wurin jingina bayanta. Washegari ya hura wuta. Tsohuwa ta miƙa ƙafafunta, ta sa masa albarka, shi kuwa ya ji daɗi ƙwarai.

Wata biyu suka wuce lafiya. Ran nan da rana tsaka, ya dawo daga gona, sai ta kira shi, ta ce, "Zo ka taɓa nan. Katakon nan kamar mai zazzaɓi."

Ya ɗora hannu, ya janye da sauri. Ya ɗauko gatari ya ɓamɓare katakon. Ashe bayansa duk ya zama gawayi, ga jan garwashi yana bin itacen sama, saura kaɗan ya kai azara. Ya goya mahaifiyarsa ya fitar da ita, ya dawo ya yi ta kwara ruwa har wutar ta mutu. Sa'an nan ya zauna a ƙasa cikin caɓi, ya yi kuka.

Da kunya ya je wurin maginin. Tsohon bai yi masa faɗa ba. Ya ɗauki kwandonsa, ya ce, "Ƙauna ce ta sa ka gaggawa. Kawo tsohuwa gidana, matata za ta kula da ita. Mu kuma mu je mu haƙa yumɓu."

Ma'anar wannan misali ita ce: wutar nan ita ce himmar da Allah ya sa a zukatanmu, ga iyali, ga aiki, ga ikilisiya. Abu ne mai kyau, tana ɗumama gida. Yumɓun kuwa shi ne haƙuri da addu'a da jin shawarar manya. Katako mai fenti shi ne halin da muke nuna wa mutane, alhali a ciki fushi ko gajiya ko wani zunubi yana cinmu a ɓoye.

'Yan'uwa, mutumin nan ba mugu ba ne, haka ma yawancinmu. Idan wani na kusa da kai ya ce ya ji zafi a jikinka, kada ka yi gardama. Ɓamɓare katakon ka duba. In ka tarar da gawayi, kada kunya ta hana ka zuwa wurin Ubangiji. Ba zai kore ka ba, zai gina tare da kai.