Idon Malam Barau da Fadamarsa

Ku matso ku taya ni warware wata magana, don ni kam ta ɗaure mini kai.

Akwai wani manomin shinkafa, Malam Barau, mai 'ya'ya uku: Lantana babba, Tanimu, sai auta Rakiya. Wata rana yana dashe a fadamarsa ruwan taɓo ya fantsar masa a idon dama. Kafin mako ya zagayo wani farin tabo ya fito a idon. A asibiti likita ya kankaro ɗan tabon, ya duba a madubin gwaji, ya ga zare-zare, ya ce funfuna ce, irin wadda ke kama burodi. Ya ba da maganinta. Malam Barau kuwa ya rantse cewa duk wanda ya cece masa ido cikin 'ya'yansa, ya ba shi fadamar.

Lantana ce ta zauna jinya. Mako biyu tana ɗiga maganin nan kowace awa, tabo kuwa sai faɗi yake. Likita ya ce babu makawa a cire idon kafin ciwon ya wuce ciki. Aka kawo takarda, Lantana ta ƙi sa hannu. Ta ce, "Likita, ni nake ɗiga maganin nan, abin nan bai ma san ana yi ba. Ka ba mu kwana uku." Da ƙyar ya yarda.

Tanimu direba ne. Aka sake kankaro tabon, aka sa a 'yar kwalba, ya jefa ta cikin kular abinci da ƙanƙara, ya nufi jami'ar da Rakiya take karatu. A hanya ya tarar ruwa ya cinye gada. Ya bar motar a nan, ya shiga kwalekwale da kula a ka, ya isa ƙanƙarar ba ta gama narkewa ba.

Ita Rakiya aikinta ke nan, tantance dangantakar funfuna da naman kaza, wanda ke tsirowa a kan juji, ta hanyar gwajin DNA, wato rubutun gado da ke cikin kowace halitta. Ta karanta na kwalbar, ta gwada shi da na dangin funfuna, ya ƙi zama a cikinsu. Sai can wajen ciyayin teku ta samo 'yan'uwansa. Kama ce kawai ta ruɗi kowa, shi ya sa magani bai ci shi ba. Ta buga wa likita waya, aka sauya magani, tabo ya fara ja da baya. Ido ya tsira, ko da yake da ɗan hazo.

Da Malam Barau ya koma gida ya tara su. Ya ce, "Auta, funfuna ce ko ba funfuna ba?"

"Kamanninta ne da shi, Baba, amma ba danginta ba ne. Kai ma ka fi shi kusanci da naman kaza."

"Ni? Ashe da dangina na kan juji ban sani ba!"

Aka yi dariya, amma da aka zo kan fadama dariya ta ɗauke.

Lantana ta ce da ta sa hannu, da yanzu ido yana cikin kwandon shara. Tanimu ya ce, "Yaya, da na juyo daga bakin gada, kwana ukunki da me za su amfana?" Rakiya ta ce da ba ta karanta ba, da wahalar banza ya sha. Lantana ta harare ta: "Ke da ko ƙofar asibitin ba ki taka ba, kina can cikin sanyin na'ura?" Rakiya ta ce, "Ke kuma da kika yi mako biyu kina ɗiga maganin da ba shi ba fa?" Suka haɗu suka ce Tanimu bai ma san abin da ya ɗauko ba. Ya ce shi bai sani ba, amma ya san zurfin ruwan.

Malam Barau ya rufe idon hagu, ya dube su ɗaya bayan ɗaya da wanda aka ceto. Damina ta sake kawo kai, fadama na nan ba a dasa ba, rantsuwa kuma na wuyansa.

To jama'a, cikin Lantana da Tanimu da Rakiya, wa zai ba?