Ƙanzon Baba Azariya

Akwai wani saurayi a Fadan Kagoma mai suna Gershon, ɗan acaɓa. Mahaifiyarsa, Mama Hulda, ta rasu ana cikin girbin masara, ta bar shi da tsohon babansa, Baba Azariya, su biyu a gida.

Bayan jana'iza, matan Zumunta na coci sun yi ƙoƙari. Kullum ga kula cike da tuwo fari tas, kowace malmala a ledarta. Baba zai ce "Ubangiji ya sa albarka," ya buɗe, ya duba, ya rufe. Ko loma ba ya kaiwa baki.

Ga shi da ciwon suga. Nas Irene ta zo ta gwada shi, ta ja Gershon gefe.

"Maganin nan ba a shan shi ciki ba komai. In bai ci abinci ba zuwa gobe da yamma, sai asibitin Kafanchan, a sa masa ruwa."

Baba ya jiyo daga ɗaki. "Ba inda zan je. Can kuka kai Hulda da ƙafarta, kuka dawo mini da akwati."

Gershon ya dubi ƙofar ɗakin. Uwa ta tafi, ga uba yana shirin bin ta a hankali.

Ya ce bari shi ya girka da kansa. Ya zaga bayan gida, ya tarar da alayyafo da yakuwar mamarsa suna ta toho, kamar ba wanda ya gaya musu abin da ya faru. Ya tsinko, ya daka gyaɗa da daddawa, ya haɗa miya da manja yadda ya sha gani tana yi.

Ya yi talge, ya zuba garin masara, ya tuƙa har kafaɗarsa ta yi tsami. Tsoronsa ɗaya, kada ya ƙone. Tuwo na yin kauri ya sauke tukunya.

Baba ya dubi kwanon. "Ka yi ƙoƙari, ɗana." Ya ture kwanon gefe.

Sai ga murya ta kan katanga. Mama Yemima ce, maƙwabciyarsu. Tun da akuyarta ta taɓa cinye lambun nan, ita da Mama Hulda ba su rabu da cacar baki ba.

"Ɗan Hulda! Zo in gaya maka wani abu."

Gershon ya yi kamar bai ji ba. A ransa ya ce, matar da ta hana mamata sakewa, ita za ta koya mini tuwon mamata?

Washegari Baba ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Gumi na tsattsafo masa. Rana kuwa sai tafiya take, Nas Irene na nan zuwa da mota.

Gershon ya haɗiye girman kansa, ya shiga gidan Mama Yemima ya durƙusa.

"Mama, ina wuni."

"Au, yau kunnenka ya warke?"

"Baba ya ƙi ci."

"Na sani. Hancina ya gaya mini. Tun da aka binne uwarka ban ji ƙaurin tuwo ta katangar nan ba."

"Haba Mama, mamata ba ta ƙona tuwo."

"Kai kana can kana yawo a mashin, ka dawo ka samu malmala a kwano, ina za ka sani? Kullum sai na ce, 'Hulda, tuwonki ya kama!' Sai ta ce, 'Ke dai kula da akuyarki, na maigida ne.' Babanka ƙanzo yake ci, a cikin tukunya, a bakin murhu. Tun tana amarya haka suke. Tuwon leda yana da ƙanzo ne?"

Ta yafa zanenta ta bi shi. Ba ta taɓa muciya ba. Ta zauna a kan turmi tana ba da umarni, shi yana tuƙi.

"To, janye itacen, bar garwashi. Rufe. Zauna."

Ya zauna, amma ƙafarsa ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Idonsa na kan tukunya, kunnensa na ƙofar ɗakin Baba, inda ko tari ba a ji. Da ƙauri ya fara tashi, ya zabura.

"Mama, zai lalace!"

"Zauna na ce. Bai yi ba tukuna."

Ƙamshin ya ratsa tsakar gida, ya bi ta ƙarƙashin labule. Can sai wata murya, a shaƙe:

"Hulda! Tuwon nan na kamawa fa!"

Gershon ya sunkuyar da kai.

Labule ya motsa. Baba ya fito yana dafa bango. Ya dubi ɗansa da muciya a hannu, ya dubi Mama Yemima, ya dubi kujerar Hulda 'yar tsugunno da ba kowa a kanta. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya lallaɓa ya zauna kusa da kujerar.

Gershon ya kwashe tuwo, ya bar ƙanzon a gindin tukunya, ja-ja-ja. Ya zuba miyar ganye a kai, ya tura gaban babansa.

Baba ya rufe ido ya yi addu'a. Ya ɓanɓaro, ya dangwala, ya kai baki. Ya tauna a hankali.

"Gishiri bai ji ba," in ji shi. Ya sake miƙa hannu.

Da Nas Irene ta iso, ta same shi yana suɗe yatsa. Ta ba shi maganinsa, ta sallami mai mota.

Mama Yemima ta miƙe, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juyo ba.

"Ka dinga ba lambun uwarka ruwa. Akuyar, zan ɗaure ta."

Darasi: Kada girman kai ya toshe maka kunne a ranar da ran wani naka ke hannunka. Wanda kake ɗauka abokin faɗan gidanku ne, wataƙila shi ya fi kowa sanin gidan. Kuma ku lura da ƙananan abubuwan da iyayenmu mata ke yi tun suna raye, domin ranar da suka tafi, su ne za mu nema da kuka. Ku tura wa wani labarin nan, musamman wanda murhun mamarsa ke ci har yanzu.