Maharbin da Ya Hana Ruwa Gudu

Tun zamanin da giwaye ke kiwo a inda yau ake shuka dawa, akwai wani kurmi a gangaren Dutsen Gwauro. Maɗaci da kanya da ɗorawa da kaɗanya sun haɗe kai a cikinsa, har akan ce mutum kan yi tafiyar wuni rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba. A bakin kurmin akwai gidaje goma sha bakwai na maharba da maƙera. Cikin maharban akwai wani da ake kira Anaruwa, don ana tsaka da ruwa aka haife shi. Dogo ne, maras yawan magana. Mutane na cewa yana jin harshen itatuwa, domin akan tarar da shi ya kafa kunne a jikin itace kamar mai satar jin gulma.

A zamanin kakanninsa ruwa na da alkawari. Yakan sauka a watan bakwai, ya yi ta zuwa sannu a hankali, in marka ta kama a kwana uku ana yayyafi, ƙasa na sha har ta ƙoshi. Anaruwa na da shekara arba'in ruwa ya fara saɓa alkawari. Sai a yi ruwa ɗaya da wuri, itatuwa su ruɗu su fid da toho, sannan sama ta ɗauke kwana arba'in, rana ta ƙone tohon. In ya tashi dawowa kuma da fushi yake zuwa. Ruwan wata guda ya zube a wuni ɗaya, ya kwashi ƙasa ya yi kwari da ita, bayan kwana biyu gari ya koma kamar ba a yi ba.

Shekarar farko kaɗanya ta zubar da 'ya'yanta ɗanyu. Ta biyu ɗorawa ta yi tutu, wato furenta, amma ba ta yi kalwa ba. A ta huɗu manyan maɗatai suka fara bushewa daga sama, ganye na naɗewa yana zuba da tsakiyar damina. Anaruwa ya kafa kunne a jikin ɗaya, ya ji ƙas-ƙas a ciki kamar ana karya tsinke. Ya koma gida ya ce wa matarsa Tarana, "Jijiyoyinsu ke tsinkewa. Ƙishirwa suke ji."

Ta ce, "Ƙishirwa? Shekaranjiya fa ruwa ya tafi da dangarmu."

Ya ce, "Abin da ya ɗaure mini kai ke nan."

Babban wurin a lokacin shi ne Sarkin Maƙera Barmo, wan mahaifiyar Anaruwa. Ya tara jama'a ya ce iskokin kurmi sun yi ƙaura, sun bar musu kango. Itacen da ke mutuwa a tsaye gawayi ne. A sare, a ƙona, a narka tama, a ƙera abin da za a iya ɗauka, da kaka a yi kudu. Kowa ya ce hakan ya yi. Aka sa kwana bakwai a wasa gatura.

Ana saura kwana uku aka tafka wani ruwa. Da sassafe Anaruwa ya shiga kurmi, sai ya yi kiciɓis da dabgi, dabbar nan mai haƙa rami tana cin gara. Fari ne fat, irin da ba a taɓa gani ba. An ce sau uku yana jan baka, sau uku kibiya na ƙin barin tsirkiya. Dabgin ya dube shi, ya juya ya shige raminsa a gindin wata kanya. Anaruwa ya ɗaga kai, sai ya ga kanyar shar take, alhali na kewaye da ita duk sun yi furfura. Ya tona ƙasa da wuƙa can gefe. Yatsu uku ne laima, ƙarƙashi busasshe kamar toka. Ya zura hannu cikin ramin, taɓo ya kama shi har kafaɗa.

Kwana biyu ya yi yana zaga kurmi. Duk itacen da ke da rami a gindi, ko wani kututture ya gitta a samansa ya tare gangare, da ransa. Sai ya gane ruwan bai ragu ba. Masauki ya rasa.

Ranar sara, maƙera suka nufi maɗacin da ya fi kowanne girma, wanda ake kira Baban Kurmi. Suka tarar da Anaruwa tsaye a gabansa, ya kafa kibiya ɗaya a ƙasa.

Ya ce, "Kawu, duk wanda ya ƙetare kibiyar nan, ta biyu ba a ƙasa za ta sauka ba."

Barmo ya ce, "Ni za ka ɗaga wa baka, ɗan ƙanwata? Da sama kake so ka yi kokawa?"

"Ba ruwana da sama, Kawu. Ta zubo yadda ta ga dama. Amma in ya taɓa ƙasar nan ya zama namu, kuma ba zai wuce ba sai ya kwana."

Barmo ya ƙetare kibiyar da ƙafarsa, don ya san ba a harbin kawu. Anaruwa ya sauke baka, ya jingina bayansa da itacen, ya ce to a fara da shi. Barmo ya kewaya ta ɗaya gefen ya kai sara. Gatarin da shi da kansa ya ƙera ya dare biyu. Ya daɗe yana duban ƙotar da ke hannunsa, sannan ya ce, "Zauna ka ci ganye, in ka samu." Suka sare yammacin kurmi, suka bar gabas. Da kaka gida goma sha huɗu suka tashi.

Gida uku suka rage. Rani ya ƙare suna haƙa ramuka a gindin kowane itace ta wajen tudu, suna cika su da ganye da kashin dabbobi. Suka gina doguwar katangar duwatsu a tsakiyar gangare, tsayinta har ƙugu. Ruwan farko ya rushe ta kafin a gama dama fura. Anaruwa ya tsaya cikin taɓo yana huci.

Tarana ta ce, "Maigida, kana tare bijimi da ƙirji. Sa masa tuntuɓe mana, ya gaji don kansa."

Suka warware duwatsun, suka jera su layi-layi a gicciye, kowane layi bai wuce idon sawu ba, tun daga gindin dutse har kwari. Da ruwa ya sake zuwa, sai ya yi ta cin karo yana rage gudu, yana faɗawa ramuka, yana nutsewa.

Baban Kurmi bai tsira ba. Ƙishirwar ta riga ta ci cikinsa, ya bushe a shekara ta biyu da fara aikin. Anaruwa ya yi kwana uku bai ci abinci ba, ya kuma hana a ɗauki ko reshe ɗaya. A rana ta huɗu ya koma haƙa.

A shekara ta biyar sama ta ɗauke kwana hamsin da tsakiyar damina. Yammacin da aka sare ya koma faƙo. A gabas kuwa ganye bai naɗe ba. Anaruwa ya bi maɗatai ɗaya bayan ɗaya yana kafa kunne, bai ji tsinke ko ɗaya ya karye ba. A kakar wannan shekara wani marmaro ya ɓullo a kwari. Daga nan maroƙa suka fara yi masa kirari: "Anaruwa na Tarana, maɗaci ba a tauna ka don marmari! Mai ɗaure ruwa da igiyar dutse, gagara gatari!"

Labari ya kai kudu. Waɗanda suka tashi suka fara dawowa gida-gida. A ƙarshensu aka ga Barmo, ya tsufa yana dogara sanda, jakinsa ɗauke da fartanya ashirin sababbi. Bai ba da haƙuri ba, ba a kuma nema ba. Ya sauke kayan a gaban Anaruwa ya ce, "Nuna mini inda zan haƙa."

Garin da ya kafu a wurin shi ne Gagara-Gatari. Mutanensa ba sa cin dabgi, kuma kowace bazara sukan fita su gyara jerin duwatsu kafin ruwan farko. Har yau ba a ba saurayi mata a garin sai dattawa sun bi shi kurmi ya nuna musu itacen da ya haƙa wa rami. In suka tarar ganyen ya naɗe, sai su ce masa ya dawo baɗi.