Ɗan Gindin Ɓaure

An ce wai a wani gari da ke kan hanyar fatake an yi wani alƙali, Malam Jatau, wanda ba ya gaggawar hukunci. In magana ta yi masa sauƙi da yawa, sai ya ƙara jinkirtawa.

A garin akwai wata tsohuwa mai kaɗi, sunanta Tabawa, Allah bai ba ta haihuwa ba. A wata shekarar yunwa ta fita tsintar ɓaure a bakin zango, ta tarar ayari ya tashi ya bar wani ɗan yaro zaune a gindin itacen, bai ma gama iya magana ba. Ta goya shi, ta yi cigiya har ta gaji, ba wanda ya zo. Ta sa masa suna Nomau, ta rene shi da kuɗin zarenta, ya girma ya zama masaƙi, ya yi aure. Da idonta ya fara rauni, shi ya zama idonta.

Ana nan sai wani Ardo mai suna Giɗaɗo ya sauka bayan gari da shanunsa. Ya shiga kasuwa, ya ga Nomau yana sayar da ƙyalle, ya tsaya yana kallonsa har mutane suka fara tsarguwa. Washegari ya kai ƙara wurin alƙali. Ya ce masaƙin nan fuskar marigayi mijin ƙanwarsa ce da shi sak. Ya ce ƙanwar tasa, Kumbo, ta bi wani ayari da ɗanta a shekarar yunwa, zazzaɓi ya kayar da ita a wannan zango, aka ɗora ta a jaki ba ta san inda take ba, da ta farfaɗo an yi nisa, babu ɗa. Yanzu shanun ubansa na jiransa, ya zo ya tafi da shi ruga.

Tabawa ta ji labari, ta ajiye mazari, ba ta sake ɗauka ba har ranar shari'a.

Da aka taru, alƙali ya tambayi Tabawa ko yaron ya faɗi wani abu ranar da ta tsince shi. Ta ce kalma guda ce a bakinsa, yana nuna 'ya'yan itacen yana cewa tarmu, tarmu. Sai wani falke Babarbare, Mala Kyari, ya fashe da dariya daga cikin taro.

"Allah ya gafarta malam, ai namu ne. Haka muke kiran ɓaure. Ardo, ka fito neman ɗa, ka gamu da ubangidanka."

Ardo ya ce, "Rufe mana baki, bawana. Da naku ne da bai yi wannan kyan ba."

Mutane suka yi dariya, don Fulani da Barebari abokan wasa ne. Amma da alƙali ya tambayi Ardo yadda su suke cewa, sai ya amsa a sanyaye cewa ibbi suke cewa. Nan jama'a suka ce magana ta ƙare. Mata ma suka shiga raɗa, wai wace irin uwa ce Kumbon nan, tun da aka zauna ta juya wa Nomau baya, ko sau ɗaya ba ta dube shi ba. Malam Jatau dai ya ce a tashi, zai neme su.

A kwanakin da suka biyo baya aka riƙa ganinsa a zango da hantsi, zaune cikin baƙi, yana tambayar kowa yadda ake kiran ɓaure a ƙasarsu. Wani Balarabe ya ce tin, ya kuma ce Yahudawan da ya zauna da su suna da kalma mai kama da ita, kamar ɗan wa da ɗan ƙane. Wani da ya fito daga bayan sahara ya ce su tazart suke cewa. Bayerabe mai goro ya ce opoto. Wani ɗan Tarabulus ya ce Nasaran bakin teku fiko suke cewa, sun gada daga Rumawa, kuma ya ji masana na cewa Rumawan ma aro suka yi wurin wasu mutane da aka manta da su. Wanda alƙali ya fi daɗewa da shi wani tsohon alhaji ne da ya yi shekaru a hanya. Ya ce a Makka ya ga Bafarishe da Baturke da mutumin Hindu, ba mai jin harshen wani, amma da suka tsaya gaban mai busasshen ɓaure, kalma kusan ɗaya ta fito daga bakunansu, anjir. Ya ce a ganinsa sunan ya bi kayan ne, duk inda aka sauke buhu aka sauke shi.

Sai alƙali ya sa aka sake taruwa, wannan karon a gindin ɓauren nan na zango, lokacin kuwa 'ya'yansa sun nuna. Ya ce:

"Jama'a, kun ce kalma ta raba gardama. Na bi kalmar nan cikin baƙi, na tarar ba ta da gida guda. Wata ta haɗa al'ummu da ba su haɗa kaka ba, wata masu ita sun shuɗe tana nan a bakin wasu. Abin da manya ke ara tsakanin ƙasa da ƙasa, yaro zai ara tsakanin safe da yamma. Kalmar da ke bakin yaro tana nuna wanda ya ba shi abinci jiya, ba ta nuna wadda ta haife shi."

Ya tambayi Kumbo ayarin su wane ne ta bi. Ta amsa kanta a sunkuye cewa Barebari ne masu kanwa, wata matarsu ce ma ke goya mata yaron da ciwo ya tsananta. Alƙali ya ce to kalmar ba ta kori su Ardo ba, amma ba ta ba su komai ba, kuma kamannin fuska ba hujja ba ne, don mutum kan yi kama da wanda bai taɓa gani ba. Ardo ya ce ba shi da wata shaida.

Malam Jatau ya ce rana ta ɗaga, a ɗan taɓa wani abu kafin a ci gaba. Aka kakkaɓo ɓaure, aka zuba a faya-fayai, aka kai ɓangaren maza da na mata. Shi kuwa ya juya yana jan Mala Kyari da hirar kanwa, amma idonsa na kan faifan. Nomau ya ɗauki ɓauren farko, bai ko duba shi ba, ya jefa shi gindin itacen, sannan ya ɗauki na biyu ya ɓare. Can ɓangaren mata, Kumbo da ba ta ganinsa ta ɗauki nata na farko, ta jefa gindin itacen, ta ɓare na biyu. Duk taron ba wanda ya yi haka sai su.

Alƙali ya kira Tabawa, ya gaya mata abin da ya gani, ya tambaye ta ko ita ta koya wa Nomau. Ta san abin da amsarta za ta jawo. Da ta ce ita ce, ba mai ƙaryata ta. Amma sai ta ce:

"Ba ni ba ce, malam. Da shi ya zo. A cikin yunwar nan, cikinsa ya manne da baya, in na ba shi ɓaure sai ya yar da na farko. Na yi faɗa, na yi duka, bai bari ba."

Aka tambayi Kumbo. Ta ce wurin uwarta ta gani, ita ma wurin tata uwar. A gidansu ana cewa ɓaure ba mutum ke shuka shi ba, tsuntsu ne, don haka na farko rabonsa ne. Ta ce tana kama hannun yaron ta jefa tare da shi tun yana cinya.

Tabawa ta ce, "To nata ne. Ni dai ban san wanda zai riƙe mini sanda ba."

Nomau ya tashi zai je wurinta, Ardo ma ya tashi yana cewa a ba shi ɗansu. Alƙali ya ce kowa ya zauna. Ya tambayi Ardo me ya sa ƙanwarsa ba ta dubi ɗanta ba, ba ta kuma kira sunansa ba. Ardo ya yi mamakin tambayar, ya ce ai ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ba. Alƙali ya ce to wa ke riƙon ɗan fari a wurinsu. Ardo ya ce kaka ko goggo, a can yake girma, ita yake yi wa hidima.

"In ya girma, uwa takan je ta ƙwace shi?"

"Subhanallahi. Wa zai yi wannan abin kunya?"

Malam Jatau ya ce, "To ka yanke hukuncin da bakinka. Kumbo ce ta haife shi, wannan ya tabbata, danginku danginsa ne, gadon ubansa nasa ne. Amma da ba a yi yunwa ba, da kanku za ku nema masa uwar riƙo. Allah ya riga ku zaɓa, ya kuwa zaɓi wadda ta faɗi gaskiya a ranar da gaskiyar za ta raba ta da shi. Nomau na wurin Tabawa har ƙarshen ranta."

Ya tambayi Nomau ko yana da ja. Nomau ya ce ba shi da shi, damuwarsa ɗaya, yadda zai gai da uwar da ba za ta dube shi ba. Mala Kyari ya ce ya gai da bayanta, Fulani ta nan suke ji. Ardo ya shafa gemu, ya ce ya yarda, amma da sharaɗin kada yaron nan ya sake cewa tarmu a gabansa.

Tun daga nan, duk rani Ardo kan sauka bayan garin da shanu. Kowace safiya ana kawo ƙwaryar nono gidan masaƙi daga wurin Kumbo, da saƙon a ba Tabawa. Ba a taɓa ambatar sunan Nomau ba. Ƙwaryar dai ta fi ƙarfin cikin tsohuwa guda.

Masu hikima suka ce, sunan abu baƙo ne, yana kwana a kowane baki. In kana neman asalin mutum, kada ka tsaya ga abin da harshensa ya ara, dubi abin da hannunsa ke yi lokacin da bai san ana kallonsa ba.